Neman Shawara: Wa Zai Yi Magana da Yawun Baba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani dattijo da muke salla tare a nan Ingila, wanda muke kira Baba, ba shi da mata ko ɗa a ƙasar, kuma danginsa na gida sun daɗe da yanke zumunci. Ya samu shanyewar ɓarin jiki a kan cutar mantuwa da yake fama da ita, yanzu asibiti na shirin mayar da shi gidan kula da tsofaffi, sun kuma ce za su kira wani da ake ce wa IMCA. Abin da ya fi damuna shi ne Turanci ya gudu daga bakinsa, sai Hausa. Jiya ya riƙe hannuna yana tambayar alƙibla, ma'aikaciyar jinya kuwa ta rubuta cewa surutai yake yi. Mene ne aikin wannan mutumin, kuma ina da bakin magana?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. IMCA wakili ne mai zaman kansa da dokar 2005 kan ikon yanke shawara ta tanada a Ingila da Wales, aikin kuma ya fara a 2007. Wajibi ne a kira shi idan mutum ba zai iya yanke shawara ba, kuma babu ɗan'uwa ko aboki da ya dace a tuntuɓa, a kan babban magani, ko zaman asibiti fiye da kwana 28, ko gidan kulawa fiye da mako 8. Yana da ikon ganawa da Baba a keɓe, ya duba bayanan da suka shafi lamarin, ya rubuta rahoton da dole a yi la'akari da shi. Amma ba shi ne mai yanke hukunci ba; wannan na likita ne ko jami'in walwala.

Amsa ta biyu:

Malam, ni ta wajen harshe zan fara, domin dokar ta hana a ce mutum ya kasa yanke shawara sai an bi duk hanyar da za ta yiwu wajen taimaka masa ya fahimta. Idan da Turanci aka gwada ikon Baba na yanke shawara, ka nemi a sake gwajin da tafintan Hausa, kuma ka nema a rubuce.

Kana da bakin magana, tunda dole ne a duba aƙidarsa da abin da ya saba so. Ka gaya musu batun abincin halal, da salla, da kusanci da masallacinku. Sai dai ka sani, idan suka ɗauke ka a matsayin abokin da za a tuntuɓa, suna iya fasa kiran wakilin. In nauyin ya fi ƙarfinka, ka faɗa musu tun yanzu.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Hajiya. Gobe da safe zan miƙa takardar neman tafinta, in sha Allahu.