Sanyi ne ya kashe salbiyar, ko kwanciyar ruwa?

Malam Isa: Bara na dasa tushe biyar na salbiya, wata shukar ado mai furanni, irin da ake kira Caradonna, a bayan gidana a Manchester, amma da watan Afrilu ya kama, biyu ne kawai suka sake toho. A ganina, cewar da ake yi tana jure hunturu a waje ba gaskiya ba ce, gara a tone ta a sa a tukunya a shigar da ita ɗaki.

Hajiya Rabi: Malam, a nan kam ban yarda da kai ba. Asalin wannan shuka daga tsakiyar Turai ne da yammacin Asiya, inda sanyi ya fi na Ingila tsanani nesa ba kusa ba. Tawa irin Mainacht ce, wadda masanin shuke-shuken lambu Karl Foerster ya fitar a Jamus a 1956, kuma shekara shida ke nan dusar ƙanƙara tana rufe ta a nan Berlin, amma duk watan Yuni sai ta fitar da furanninta shunayya, ƙudan zuma ya yi ta rububi a kai. Da ka tone waɗanda suka mutu, yaya ka tarar da saiwar?

Malam Isa: Ta yi baƙi, ta yi laushi, har tana wari. Ƙasar kuwa yumɓu ce mai danƙo.

Hajiya Rabi: To, ruɓewa ta yi. Ruwa ne ya kwanta a gindinta wata da watanni, saiwar ta rasa iska. Ka yi mata kunya, ka gauraya ƙasar da tsakuwa, ka zaɓi inda rana ke samu aƙalla awa shida.

Alhaji Bello: Hajiya ta yi gaskiya, amma ba zan wanke sanyi gaba ɗaya ba. Wanda ya datse karan har ƙasa tun kaka ya bar gindin a buɗe, ruwa ya shiga ya daskare a ciki. Ni sai Maris nake sa almakashi.

Hajiya Rabi: Alhaji, ni a Nuwamba nake datse tawa, ban taɓa yin asarar ko ɗaya ba, domin ƙasarmu rairayi ce.

Malam Isa: Har yanzu da sauran shakka a raina. Bana zan ɗora ɗaya a kan kunya, ɗayar kuma in bar ta inda take ban datse ba, mu ga abin da Afrilu zai nuna.