Neman shawara: babban babur na dogon zango zai iya lakar Mambila da damina?

Mai Maganin Dabbobi, Jalingo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku kafin in saki kuɗina, don tarin shekara uku ne, ba na so in yi da-na-sani.

Sana'ata sayar da maganin dabbobi. Shagona yana Jalingo, amma rabin cinikina a kan tsaunin Mambila yake. Sau biyu nake hawa duk wata: in bi ta Bali, in wuce Serti, in kama dutse daga Mayo Selbe har Nguroje da Gembu, daga nan in sauka daga kwalta in shiga rugage. Shekara shida ke nan ina hawan Boksa. A cikin daji ba ta taɓa ba ni kunya ba, doguwar kwaltar ce ke gama ni. Kafin in isa Serti bayana ya riƙe, hannuwana sun sage, a hawan dutse kuwa da kaya a baya sai ta riƙa kuka a giya ɗaya kamar za ta tsaya.

Makon jiya wani abokina a Abuja ya kai ni na ga BMW R1200GS Adventure na hannu, ƙirar 2015, irin waɗanda masu sayarwa ke kira adibenca. Mai shi ya ce don daji da sahara aka ƙera shi, babu inda ba ya shiga. Na zagaya da shi cikin layi, wallahi kamar kana zaune a kujerar falo. Amma da na tsaya, da ƙyar yatsun ƙafata suka taɓa ƙasa, kuma da ya ɗan karkata sai da abokina ya tare min shi.

Waɗanda suka san harkar, ku gaya min gaskiya. Irin waɗannan baburan da gaske na daji ne, ko kamannin daji kawai gare su? Zai kai ni ruga a watan Agusta?

Ɗan Nguroje:

Wa alaikumus salam Malam. A nan aka haife ni, kuma acaɓa na yi shekara tara kafin in buɗe shago. Kai ma ka san jar ƙasar nan idan ta sha ruwa, santsinta ya fi na kuɓewa. Mu da Boksa a rana ɗaya mukan faɗi sau uku sau huɗu, ka tashi ka ɗaga abinka da hannu ɗaya, ka goge laka ka ci gaba. Boksa kilo ɗari da 'yan kai ce. Wanda kake magana kuwa kilo 260 ne idan an cika tankinsa, tun kafin ka ɗora kwalin magani ko guda. Buhun masara biyu da rabi ke nan. Idan ya kwanta maka a gangare, kansa na ƙasa tayoyinsa na sama, kai kaɗai, wa zai ɗaga?

Sannan ka tuna da rafi. Akwai ƙauyukan da idan ruwa ya cika sai an ɗora babur a kwalekwale, akwai kuma inda gadar itace biyu ce aka gicciya. Samari biyu ke cicciɓar Boksa su tsallakar da ita. Wancan ko mutum huɗu ba za su yarda ba, mai kwalekwale ma zai ce a'a.

Bakanike, Ƙofar Ruwa Kano:

Alhaji, ka ba ni aron kunnenka, don ina taɓa irin waɗannan baburan idan masu su suka kawo.

Babur ne mai kyau, ban ƙi shi ba. Injinsa yana da ƙarfin doki 125, tankinsa lita 30, ba shi da kaca, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya, saboda haka babu zancen ja ko shafa wa kaca mai. Amma ka duba ƙafafunsa. Tayar gaba inci 19 ce, ta baya 17, kuma masu faɗi ne. Babur ɗin daji na gaskiya inci 21 yake ɗauka a gaba, 18 a baya, siriri, don babbar taya ita ke hawa rami da dutse ba tare da ta dake ba, siririya kuma ita ke yanka laka ta kamo ƙasa mai ƙarfi. Tayoyin da yake zuwa da su ma yawanci na kwalta ne. A laka, zanensu yana cikewa cikin minti ɗaya su koma sumul. Dole ka sayi masu ƙurzunu, waɗanda kuma kwalta ke cinye su da wuri, kuma sai an yi maka oda daga Legas ko Abuja.

Akwai wani abu da mutane ba sa lura da shi sai ya same su. Madigadin gaba a maƙale yake da taya. Jar laka mai danƙo tana taruwa a tsakaninsu har ta cushe, tayar gaba ta daina juyawa kana cikin tafiya. Sai dai ka ji ka a ƙasa. Idan kuma ka kafe ka yi ta murɗa totur kana wasa da kuloci don ka fita, filet ɗin kuloci ne zai ƙone. Na taɓa buɗe wani da aka ƙona a cikin taɓo guda ɗaya, warin yana nan a hancina.

Ga silindansa biyu da suka fito gefe da gefe. Suna da amfani, don idan ya faɗi ba ya shimfiɗewa ƙasa gaba ɗaya. Amma a hanyar da tsofaffin Land Rover na Mambila suka haƙa ta yi zurfi, su ne za su riƙa dukan bangon ramin.

Abin da ya fi damuna shi ne gyara. Babu kafireta, famfon mai ne a cikin tanki da kwamfuta mai sarrafa komai. Littafinsa man fetur mai lamba 95 yake so, wato mai inganci sosai. Kai kuma a ruga man galan za ka saya wajen 'yan bumburutu, wani da ruwa wani da datti. Ranar da famfon ya toshe ko wata fitila ta kunna a allo, bakaniken Gembu, duk iyawarsa, ba shi da na'urar da zai jona ya karanta matsalar. Sai dai a nemi mota a saukar da shi. Boksa kuwa ko a ƙarƙashin bishiya aka kwance ta, fulogi da kaca da filet duk suna cikin kasuwa.

Baban Sadik, Abuja:

Ni ban yarda a kushe su gaba ɗaya ba. Ina da Yamaha Ténéré 700 shekara uku, na je Jos da shi, na je Obudu, na shiga hanyoyin burji da yawa a Nasarawa. Kilo 205 ne da mai, taya 21 da 18, kuma lantarkinsa kaɗan ne, birkin ABS ma, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan ka taka birki, da maɓalli kake kashe shi idan ka sauka daga kwalta. A hanyar tsakuwa da ramuka da kwalta mai fashe-fashe babu abin da ya kai shi daɗi, inda mota ke rarrafe kai miƙewa tsaye za ka yi a kan matakai ka wuce. Ku nemi bidiyon Pol Tarrés ɗan Sifen, ku ga duwatsun da yake hawa da irin wannan babur. Kunle Adeyanju ma a 2022 daga Landan ya taso har Legas a kan Honda CB500X, wajen kwana 40.

Bakanike, Ƙofar Ruwa Kano:

Baban Sadik, gaskiya ka faɗa, naka ya fi wancan dacewa da daji nesa ba kusa ba. Sai dai Tarrés tun yana yaro yake gasar hawan duwatsu da babur, aikinsa ke nan, kuma idan ya fasa abu kamfani ke sauya masa. Tafiyar Landan zuwa Legas kuwa yawancinta kwalta ce. Ka gaya wa Alhaji tsakani da Allah, ka taɓa shiga laka mai zurfi da shi kai kaɗai?

Baban Sadik, Abuja:

Sau ɗaya, bayan Keffi, da yamma bayan an ɗauke ruwa. Na faɗi sau uku cikin abin da bai kai kilomita biyu ba. Na farko na ɗaga yadda aka koya min: ka sa shi a giya, ka juya masa baya, ka tsuguna, hannu ɗaya a kan babur ɗaya a ƙarfen baya, ka tura da cinya. Na biyu na ɗaga da ƙyar. Na uku ƙafafuna rawa suke, takalmina na zamewa a laka, sai da wasu manoma biyu suka zo. Tun daga ranar idan hadari ya haɗo ba na barin burji.

Dattijon Agadas:

Salamu alaikum yarana. Ni tsohon direban Sahara ne, ina saurayi lokacin da tseren Paris zuwa Dakar ke ratsa garinmu. An fara shi ƙarshen 1978, Bafaranshen nan Thierry Sabine ya kafa shi, kuma Ténéré da kuke gani a jikin moto, wato babur, sunan hamadarmu ce ta gabas da Agadas, hanyar Bilma. Can ne asalin wannan ado duka. BMW ta fitar da R80 G/S a 1980, Hubert Auriol ya ci tseren da BMW a 1981 da 1983, Gaston Rahier ya ci a 1984 da 1985. Yamaha ta fitar da Ténéré ta farko a 1983, Honda ta biyo da Africa Twin a 1988. Saboda haka mai sayarwa bai yi ƙarya ba da ya ce suna da jinin sahara.

Amma ɗana, kakan ne ya shiga sahara. Jikokin sun yi ƙiba. Turawan da ke sayensu yawancinsu a kan kwalta suke yawo da matansu a baya da akwatuna uku, shi ya sa kamfanoni suka yi ta ƙara musu girma da gilashi da kujera mai laushi. Ka duba tseren na yau, wanda ya koma Saudiyya tun 2020: ba a yarda girman injin moto ya wuce cc 450 ba, kuma nauyinta wajen kilo 140 ne ba mai. Mutanen da suka fi kowa sanin rairayi ke nan, kuma mara nauyi suka zaɓa.

Na sha ganin masu yawon buɗe ido da manyan motoci masu ƙafa biyu a bakin Ténéré. A ƙasa mai ƙarfi suna tashi kamar iska. Da sun shiga rairayi mai laushi sai kan ya nutse. Dabarar ita ce ka rage iskar taya, ka miƙe tsaye, ka mai da nauyinka baya, kada ka saki totur, kada ka taɓa birkin gaba. Wanda ya ji tsoro ya sassauta, nan take zai kife. Da yawa a bayan motarmu muka ɗauko nasu. Ban san lakarku ba, amma nauyi a ƙasa mai laushi halinsa ɗaya ne ko'ina.

Maman Hanifa:

Yaya, don Allah ka ji ta waɗannan bayin Allah. Maigidana ya sayi babba irin wannan don zuwa gona. Gudu ma ba ya yi ranar, a hankali yake tafiya cikin yashi ya zame, babur ɗin ya danne masa ƙafa, salansa na ƙona shi, ya kasa janyewa. Ya fi awa guda a wurin, babu sabis, sai da wani yaro mai kiwo ya gan shi ya kira mutane. Karaya biyu a ƙwauri, wata huɗu yana kwance. Takalmin gida ne a ƙafarsa. Ko wanne za ka saya, ka haɗa da hular kwano da dogon takalmi mai tauri da abin gwiwa, kuma ka riƙa gaya wa iyalinka rugar da ka nufa.

Ɗan Nguroje:

Allah ya ƙara masa lafiya Hajiya. Malam, ni a ganina matsalarka biyu ce ka haɗa wuri ɗaya, doguwar kwalta da lakar ruga. Me zai hana ka ajiye Boksa a nan sama wajen wani amintacce, ka riƙa hawowa a mota da kayanka, ka ɗauke ta ka shiga daji? 'Yan kasuwa da yawa haka suke yi.

Bakanike, Ƙofar Ruwa Kano:

Idan kuma lallai babur ɗaya kake so ya yi maka duka biyun, nemi na tsakiya. Honda CRF300L kilo 142 ne, ɗan'uwansa CRF300 Rally mai babban tanki da gilashin tare iska ya ɗara 150 kaɗan. Suzuki DR650 kilo 166, kafireta gare shi, iska ke sanyaya injinsa, duk bakaniken da ya iya Boksa zai gane cikinsa. Ba za su ba ka daɗin kujerar wancan ba, amma za su hau dutsen Mayo Selbe da kaya ba kuka, kuma za ka iya ɗaga su. Su ma dogaye ne, ka gwada tsayinka. Kafin ka biya, ka roƙi mai shi ku kwantar da shi a kan ciyawa, ka ɗaga da kanka sau uku a jere. Idan na uku ya gagare ka, ka bar masa abinsa.

Mai Maganin Dabbobi, Jalingo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na Agadas, Allah ya ƙara girma. Hajiya, a gaida maigida da jiki, takalmin da hular zan saye su a wannan makon ko da Boksa zan ci gaba da hawa. Na kira abokina na ce a bar maganar BMW. Wannan daminar zan bi shawarar Ɗan Nguroje, akwai wani abokin cinikina a Gembu da zan bar wa babur ɗin a zaurensa. Oga Bakanike, idan DR650 na hannu mai lafiya ya shigo Kano ka sanar da ni, in kaka ta yi zan zo mu duba shi tare. Tayar baya mai ƙurzunu da za ta shiga rim ɗin Boksa fa, ana samunta a wajenku?