Ƙaryatuwa ko kayuwa? Ana neman kalma kafin daren Alhamis

Hauwa'u, Jidda
Salamu alaikum. Jama'a ku agaza, lokaci ya ƙure min. Daren Alhamis bayan Isha zan ɗauki shirinmu na murya, kuma tun makon jiya na yi wa masu saurare alkawarin kawo rigimar nan ta Satumbar 2023, wadda masana 124 suka sa hannu a wasiƙa guda suka ce nazariyyar Giulio Tononi kan hayyacin ɗan Adam kimiyyar bogi ce. Kukansu shi ne babu gwajin da ke iya taɓa gindin nazariyyar. To duk zancen a kan kalma ɗaya ya rataya, ta masanin falsafa Karl Popper, wadda Turawa ke ce wa falsifayabiliti, a littattafan nan kuma ka ga an rubuta ƙabiliyyatut takzib. Nufinsa, magana ba ta shiga sahun kimiyya sai mai ita ya iya faɗa mana abin da in muka gan shi, to maganarsa ta faɗi.

Na rubuta "yiwuwar ƙaryatawa". Na karanta wa Inna tana yankan kuɓewa, ta ajiye wuƙar ta ce, "To in kun san ƙarya ce, me ya kai ku koya wa 'ya'yan mutane?" Abin da mutumin ya ɗauka yabo, a kunnenta zagi ya koma. Ina son kalmar da baki zai iya maimaitawa sau ashirin cikin rabin awa bai sarƙe ba.

Abu Sumayya, Madina
Wa alaikumus salam Malama. Wannan ai tsohon karatu ne aka sa wa kwat. Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanta Sullam na Akhdari, littafin mantiƙi, wato ilimin kafa hujja, ya san naƙidin kulliyya mujaba shi ne juz'iyya saliba. Ki ce "dukkansu haka suke", ɗaya tak ya fito ba haka ba, magana ta rushe ko da dubu sun tsaya miki. Akhdari a ƙarni na 16 ya rayu, littafin Popper kuwa sai 1934 ya fito a Biyana. Malamanmu na zaure da "warwarewa" suke fassara naƙdi, kamar a babin abubuwan da ke warware alwala. Ki ce warwaruwa.

Hauwa'u, Jidda
Ustaz na gode. Amma in na ce nazariyya tana warwaruwa, rabin masu saurare za su ji kamar matsala ce aka shawo kanta. Sauran rabin su tashi neman buta.

Malam Sani, Riyad
Kin kusa, wutsiyar kalmar ce ta kayar da ke. "Ƙaryatawa" aikin mutum ne, dole a ji wani ya nuna wani da yatsa. Hausa tana da nata ginin na abin da zai yiwu a yi masa wani abu, shi ne aikatau mai ƙarewa da -u, aji na 7 a rabon Parsons, masanin nahawun Hausa. Mota tana gyaruwa. Hanyar ba ta biyuwa. Buhun ba ya ɗaukuwa. Ba wanda zai ji "tana gyaruwa" ya zaci an riga an gyara. Saboda haka: ƙaryatuwa. Nazariyya mai ƙaryatuwa, nazariyyar da ba ta ƙaryatuwa. Gaɓa huɗu, kalma ɗaya, inda Larabci ya buƙaci biyu.

Baba Na-Allah, Shara Mansur
Ɗiyata Hauwa'u, kada ki bari a sa miki ƙarya cikin magana. Malami shi kwashe shekara goma bisa aiki nai, shi yi kuskure, sannan ku ce an ƙaryata shi? Wanga ba ladabi ba ne. Mai kuskure daban, maƙaryaci daban. Mu can gida in anka buga gangar kokowa, duk wanda ya ce shi ƙato ne sai shi shigo fili. Wanda ya tsaya bayan 'yan kallo shina kirari, gaskiya ne ba a taɓa kada shi ba, amma ba mai kiran shi gwani. To shi ne abin da Baturen ga ka nufi. Kalmar ita ce KAYUWA. Magana mai kayuwa ita ce ta shigo fili.

Ɗan Kurna
Allah ya ƙara girma Baba, misalin ya zauna daram. Kalmar ce dai. A lasifikar waya, kayuwa da kasuwa sai Allah. Malam Sani, taka ma da raminta: 'yan'uwanmu haihuwar nan ba kowa ke fitar da ƙ ba, za su ce karyatuwa, a zaci ƙashi ne ya karye.

Ummu Faisal, Makka
An fara. Ba a taɓa zama a tashi ba a taɓo mu ba. Kakata da ƙafa ta zo, ta yi shekaru a Mai Wurno a bakin Nilu kafin ta haye teku, kuma har yau jikokin jikokinta da Hausa suke faɗa a tsakar gida. Ku da jirgi ya sauke jiya, kowace jimla sai kun barbaɗa mata Turanci kamar yaji, yani mu ne ba mu iya ba? Ƙarya. Ka ji ƙ ɗin ko in sake?

Ɗan Kurna
Tuba nake Hajiya. Na ji ta har cikin haƙori.

Hausa Zalla
Ni abin da ya dame ni daban. Na ƙirga tun daga sama: nazariyya, naƙidi, kulliyya, mujaba, ƙabiliyya. Hausa ake nema ko Larabci aka sa wa hula? Mun tsere wa Turanci mun faɗa wani, an gudu ba a tsira ba ke nan. Don muna zaune a ƙasarsu ba shi ne za mu miƙa musu harshe ba. A jami'o'in gida ra'i ake cewa, ba nazariyya ba.

Malam Sani, Riyad
Ɗan'uwa, ra'i ma daga ra'ayun Larabci ta fito. Haka kimiyya, hujja, dalili, hankali, har da littafin da za ka rubuta ƙorafin a ciki. In za mu kore su, da alamun hannu Malama za ta yi shirin, kuma na murya ne.

Abu Sumayya, Madina
Kuma mantiƙi ba baƙo ba ne a Kano. Shehu Magili, wanda ya zauna a can zamanin Muhammadu Rumfa, shi ne ya rubuta wa Suyuɗi baitoci yana kare wannan ilimi lokacin da Suyuɗin ke haramta shi. Sama da shekara ɗari biyar ke nan. Nan ƙasar ma da ake ganin ba a shiri da falsafa, tun Disambar 2021 ake yi mata taro a Riyad.

Baba Na-Allah, Shara Mansur
Kun bar kayuwa kun tafi yawo. Ku duba yadda take haihuwa: wanda ya kawo gwaji shi ne makayi, maganar da ta faɗi kayayya, wurin gwaji fili. Taku fa? Maƙaryaci za ku kira mai binciken?

Malam Sani, Riyad
Nan kam Baba ya kama ni. "Mai ƙaryatawa" za a ce, kuma ba daɗi.

Bashir, Zahran
Ni ba ɗan nahawu ba ne, fiziya na karanta, amma Yaya Hauwa'u ki yi hattara kada kalmar ta yi kyau har ta ɓoye cewa masana ba su gama yarda da abin ba.

Lokacin da aka ga duniyar Yuranus tana kauce wa hanyar da lissafin Newton ya zana mata, ba wanda ya jefar da Newton. Masanin taurari Le Verrier ya ce akwai wata duniyar a ɓoye tana janta, ya lissafa inda take, aka saita madubi a Balin a Satumbar 1846, sai ga Neftun. Da Uɗaridu, wato Makyuri, ta nuna irin wannan taurin kai, 'yar karkata ta daƙiƙa 43 ta ma'aunin kusurwa a shekara ɗari, sai ya sake jawo dabarar, ya ce akwai wata kusa da rana, har suna aka raɗa mata, Bulkan. Aka yi ta leƙe, babu ita. Sai 1915 Einstein ya nuna lissafin Newton ɗin ne ya gaza. Dabara ɗaya, mutum ɗaya, sau ɗaya ta ci, sau ɗaya ta faɗi. Shi ya sa masana falsafar kimiyya Duhem da Quine suka ce ba a gwada magana ita kaɗai, tare da 'yan rakiyarta take shiga, in an sha ƙasa ba ka san wa ya zame ba.

Har yanzu ana kai. Richard Dawid ya fitar da littafi a 2013 yana cewa ana iya ƙara amincewa da nazariyyar tsirkiya, mai cewa komai daga wasu 'yan mitsi-mitsin tsirkiyoyi masu kaɗawa ya samu, ko babu gwaji. George Ellis da Joe Silk suka mayar da martani a mujallar Nature a Disambar 2014, aka yi zama a kan rigimar a Munik bayan shekara guda, aka tashi kowa da nasa.

Ga misali na kusa. Tun ina yaro na san duk hankaka farin ƙirji gare shi. Ranar da na fara sauka Jidda, wajen Balad, na ga wasu a kan juji suna fizgar leda, baki irin nasa, kuka irin nasa, rashin kunya irin tasa, amma wuya toka-toka, ƙirji babu ko ɗigon fari.

Baba Na-Allah, Shara Mansur
Waɗancan ba hankaki ba ne. Tsuntsayen Indiya ne, jiragen ruwa sunka kawo su. Hankaka na gaske da farin ƙirji shike.

Bashir, Zahran
Allah ya ja kwana Baba, asalinsu kam ka faɗi daidai. Amma ka ga abin da ka yi? Duk wanda aka kawo maka ba fari sai ka ce ba shi ba ne. Yanzu maganarka ba ta kayuwa. Ka koma bayan 'yan kallo.

Ummu Faisal, Makka
Wallahi yaron nan ba shi da ta ido.

Ɗan Kurna
Ku lura dai, da kalmar Baba aka kada Baba.

Hausa Zalla
Tsirkiya kuma? Wa ya amince da wannan? Zare ya kamata.

Hauwa'u, Jidda
Don girman Allah kada a buɗe wannan yau.

Ga inda na tsaya. Na sake gwada su a kan Inna bayan Magariba. Na ce mata, maganar da ba ta ƙaryatuwa fa? Ta ce, "Irin ta bokan nan da ya ce wa maƙwabciyarmu cikin nan ko mace ko namiji." Ban ƙara mata komai ba, ita ta kawo. Da na ce maganar da ba ta kayuwa, sai ta ce ai wannan magana ce mai ƙarfi, ta gaskiya. Kun ga ta ɗauke ta a yabo, alhali aibi ake nufi. Don haka ƙaryatuwa zan sa a matsayin kalma. Amma da kokowar Baba zan buɗe shirin, in bi da hankakan Jidda, Neftun da Bulkan su zo a tsakiya. Zan kuma faɗa tun farko cewa magana ake ƙaryatawa, ba mai ita ba.

Abu Sumayya, Madina
Ba laifi. A ambaci Akhdari dai, kada yara su tashi da zaton daga Biyana aka fara tunani.

Malam Sani, Riyad
Ki rubuta ta da ƙugiyarta a sanarwar shirin. In wayarki ba ta da ita zan turo miki ki kwafa.

Baba Na-Allah, Shara Mansur
Kun ɗauki gangata kun bar kalmata. To. Ni dai ban sa hannu ba. Tsohuwa guda anka tambaya, ita ko ba ta taɓa zuwa kallon kokowa ba. Ki turo min shirin in ji, ɗiyata, kuma in wani ya bugo ya ce kun kira malamai maƙaryata, ki ba shi lambar Sani.

Hausa Zalla
Maganar tsirkiya tana nan. Zan buɗe mata nata zauren ranar Asabar.