Taƙaitawa: rangwamen haraji kan kuɗin asibiti da na kare kai a Amurka

To jama'a, zancen da aka yi kan ko kuɗin asibiti da na kare kai na rage wa mutum haraji ya yi tsawo, ga abin da na tsinta:

1. An yarda IRS, hukumar harajin Amurka, na barin ka cire kuɗin likita, magani, haƙori da tabarau daga kuɗin da ake lissafa maka haraji a kai, amma fa sai abin da ya haura kashi 7.5 cikin ɗari na kuɗin shigarka, kuma sai ka jero su a fom ɗin haraji mai suna Schedule A, shi ya sa da yawa ba sa ganin komai.
2. Kuɗin jim (wurin motsa jiki) babu.
3. Nan aka rabu: bindiga, feshin barkono, koyon karate. Wasu sun ce ai kare rai ma lafiya ce, yawanci suka ce hidimar kanka ce kawai, ni ma nan nake. Mai shago dai zai iya sa kuɗin maigadi da kyamara cikin na kasuwanci.
4. A ajiye rasit.