Koyar da dokokin ƙasashen waje a jami'o'inmu: da wa ya kamata a fara haɗa gwiwa?

Malama daga Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Ina koyar da shari'a, kuma a tsangayarmu ana ta batun ƙulla yarjejeniya da wata jami'ar Turai domin ta riƙa turo malamai su koyar da darasin kwatanta dokokin ƙasashe. Ban ƙi shawarar ba, sai dai dokar Ingila mun riga mun gaje ta, ɗalibanmu kuma suna karanta hukunce-hukuncen kotunanta tun shekarar farko, alhali Jihar Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin, waɗanda tsarin shari'arsu ya samo asali daga na Faransa. Shin ba da maƙwabta ya kamata a fara ba?

Barista daga Argungu:
Wa'alaikumus salam, Malama. Ina bayan ra'ayinki ƙwarai. Ɗan kasuwar da ke fita da kaya ta Kamba zuwa Gaya, da zarar ya tsallaka ya shiga ƙarƙashin dokokin kasuwanci na OHADA, wato ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka da aka kafa bisa yarjejeniyar da aka sanya wa hannu a 1993, wadda ƙasashe 17 ke aiki da ita, har da Nijar da Benin, amma ban da Najeriya. Idan rigima ta taso kan bashi ko kwangila, shari'ar tana iya kaiwa har babbar kotunsu da ke Abijan, kuma lauyoyinmu kaɗan ne za su iya bayyana masa inda ya tsaya. A can alƙali yana farawa ne daga rubutaccen kundi, mu kuwa muna dogaro sosai da hukuncin da babbar kotu ta yanke a baya, kuma wannan bambancin bai kamata ɗalibi ya fara jin sa bayan ya kammala karatu ba. Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai ta fi kusa da mu fiye da kowace jami'ar Turai.

Tsohon alƙali daga Gusau:
Malama, ki tuna wa abokan aikinki cewa kwatanta dokoki ba baƙon abu ba ne a Arewa. Kwamitin masanan da gwamnatin Sardauna ta gayyato a 1958 yana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan ne, Abu Rannat, kuma kundin hukunta laifuka da ya fara aiki a 1960 an tsara shi bisa na Sudan, wanda shi ma ya ɗauko daga na Indiya na 1860. Tun da Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a kan laifuka a 2000, buƙatar ta ƙaru. Ina so in ga malamai daga Maroko, inda ake bin mazhabar Malikiyya kamar mu, suna nuna wa ɗalibanmu yadda suka rubuta dokar iyali.

Malami daga Yawuri:
Ranka ya daɗe, gaskiya ne, amma akwai batun harshe. Ɗalibin da bai iya Faransanci ba, abin da wani ya taƙaita masa kawai zai haddace. Ya kamata yarjejeniyar ta tanadi koyar da Faransanci tun shekarar farko, ta kuma wajabta wa baƙon malami koyarwa tare da malamin gida, domin darasin ya ci gaba ko bayan kuɗin tallafi sun ƙare.