Sabon kayan dabo: ya ta kaya ranar da kuka fara fito da shi gaban jama'a?

Ɗan Dabon Fagge: Assalamu alaikum. Ba gaban madubi nake nufi ba, gaban mutane. Ni dai yatsan roba na yi oda, wanda ake sawa a babban yatsa, a cusa hankici a ciki ya zama kamar ya ɓace. Sati uku ina jira, da na buɗe kwali sai ga shi launin fatar Bature. Na daure na yi wasa da shi a wani taron suna. Ban ma gama cusa hankicin ba wata yarinya 'yar shekara bakwai ta ce, "Kawu, ciwo ka ji a yatsa?"

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Yaro, laifin launi kaɗan ne, sauran naka ne. Ba a nuna yatsan ta gefe. Kansa ake saita wa masu kallo, hannu kuma kada ya tsaya cak. Amma ni ma na sha tawa: man takalmi na shafa wa nawa, farin hankici ya fito da baƙin tabo. Yanzu ana sayar da masu duhu, ka tambaya kafin ka biya.

Mai Karta daga Maraɗi: Baba, taka da sauƙi. Kartar Svengali na saya, wadda rabinta duk kati iri ɗaya ne, an ɗan rage musu tsawo. Duk inda mutum ya ce tsaya, katinsa ne zai fito. Kuskurena, majalisar 'yan karta na kai ta. Suka yi shiru sau ɗaya, sau biyu, a na uku wani ya miƙo hannu ya ce, "Kawo in cuɗa da kaina." To ita ba a ba da ita a hannun kowa. Na ce sauri nake, na sa ta a aljihu, suka bi ni da dariya har bakin titi.

Tun ranar na koma kartar Bicycle ta kowa da kowa, da littafin The Royal Road to Card Magic na Jean Hugard da Frederick Braué, na 1948. Turanci ne, zane kawai, ba bidiyo. Babin farko kaɗai, na cuɗa karta, ya ci mini wata biyu. Amma yanzu ko kartar wani aka miƙo mini zan yi wasa.

Anti Mai Wasan Yara: Ni ƙwallayen soso ne ba su taɓa ba ni kunya ba. Da hunturu dai hannu kan bushe su riƙa zamewa, sai in ɗan jiƙa su in matse, su kumbura su yi laushi. Matsalata iyaye ce. Wata uwa ta ja ni gefe ta ce in rantse ba aljanu a ciki, sai da na nuna mata yadda ake yi.

Ɗan Dabon Fagge: Anti, har sirrin kika tona? Baba, masu duhun nan akwai girma-girma? Yatsana kauri gare shi.