Wane Kek Ne Yake Tafiya a Baje Kolin Ƙauye?

Amarya, Tudun Wada:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ƙungiyar matan ƙauyen maigidana, wanda yake kan hanyar Giwa, za ta yi baje koli na yini guda bayan an gama girbin masara, kuma an ba ni rumfar da zan kasa kek. Na saba yin kek na biki da na suna a nan cikin garin Zariya, amma ban taɓa kai shi inda mai saye zai tsaya da kuɗinsa a hannu yana auna shi da ƙosai da waina da alawa ba. Ina roƙon duk wadda ta taɓa kasa kek a irin wannan taro ta faɗa mini abin da ta gani da idonta: wane iri ne ya ƙare da wuri, wane ne aka komo da shi gida, kuma yaya ta yi da batun farashi.

Hajiya, Kwarbai:

Wa alaikumus salam, 'yata. Na daɗe ina kasa kaya a hanyar fada lokacin Hawan Sallah da Hawan Daushe, kuma na sha kai kek ƙauyukan wajen Soba, saboda haka zan faɗa miki abin da na sani. Mai sayen kek a ƙauye mafi yawanci yaro ne da aka ba shi kuɗin kashewa, ko kuma uwa da take neman tsarabar da za ta isa ta raba wa yaran gida kowa ya samu nasa. Babu ɗaya daga cikinsu da zai sayi babban kek mai ado, komai kyansa. Ki yi ƙanana, a cikin gwangwanin madara ko na tumatir da kika wanke kika shafe da bota, ki kuma daidaita girmansa yadda kuɗinsa zai zama takardar kuɗi guda, ba tare da an shiga neman canji ba. Na ga yaro ya tsaya a gaban tire yana murza takardarsa a hannu, yana duban kek ɗin da ya fi ƙarfin abin da yake riƙe da shi, sannan ya wuce wurin mai alawa, kuma wannan cinikin ya tafi ke nan.

Game da kwaɓi, ma'aunin da muke yi wa kek na biki shi ne fulawa da sukari da bota da ƙwai su zo nauyi ɗaya. Wannan ba zai fitar da ke a kasuwar ƙauye ba. Ki rage bota da ƙwai, ki cike da madara, amma kada ki taɓa sukarin sosai, domin mutanenmu suna sayen kek ne don zaƙinsa, kuma idan ya yi salam za su ce burodi kika sayar musu da tsada.

Malama, Samaru:

Hajiya ta gama magana a kan girma da farashi, ni kuma zan tsaya a kan yanayi, tunda taron ya faɗo farkon hunturu. Iskar Zariya daga Nuwamba zuwa Janairu tana busar da kek cikin sa'o'i kaɗan idan aka bar shi a buɗe, ga kuma ƙura. Abin da na lura da shi shi ne kek ɗin da aka kwaɓa da man gyaɗa ya fi daɗewa da laushi a kan wanda aka yi da bota zalla, domin bota tana daskarewa idan ta ji sanyi, shi kuwa mai yana nan a ruwansa. Ni kan raba biyu, rabi bota saboda ƙamshi, rabi mai saboda laushi. Bekin foda kuwa ƙaramin cokali ɗaya ga kofin fulawa ɗaya ya isa, idan ya wuce haka kek ɗin zai tashi ya faɗa, ya kuma bar ɗaci a harshe. Mai obin ta sa shi a digiri 180 na Salshiyas, ta bari ya yi zafi kafin ta saka.

Ƙanwata, ki bar batun aisin, wato kirim ɗin ado da ake shafa wa kek a sama, gaba ɗaya. A wani taron makaranta da na je, mai rumfar da take kusa da ni ta kawo kek masu kyau da aisin na bota fari da ruwan hoda, amma kafin azahar rana ta narkar da shi ya manne a jikin leda, wanda bai narke ba kuma ƙura ta yi masa ja. Ta ba ni tausayi ƙwarai, domin an ga aikin da ta sha. Idan kina son ado, ki barbaɗa kwakwa ko riɗi a sama kafin ki gasa. Sannan kada ki ɗaure kek a leda sai ya huce sarai, in ba haka ba zai yi gumi a ciki, ya jiƙe, ya fara wari tun ba a je ko'ina ba.

Yaya, Gyallesu:

Ni abin da ya fi tafiya a hannuna shi ne wanda na sa masa kayan da bakin mutanen ƙauye ya riga ya saba da su. Ina sayen mazarƙwaila, wadda ake kawowa daga wajen Maƙarfi inda ake noman rake, in narka ta da ɗan ruwa, in tace saboda tsakuwa, in maye gurbin rabin sukari da ita, sannan in zuba garin citta da ɗan kanumfari. Kek ɗin yakan fito da duhu, ƙamshinsa kuma yana kai wa rumfa ta uku. Yara ba su cika kula shi ba, amma dattawa da manyan mata su ne masu shi. Akwai wani tsoho da ya karɓi ɗan gutsuren ɗanɗano, ya tauna a hankali, ya tambaye ni ko mazarƙwaila ce a ciki, da na ce ita ce sai ya kwance bakin aljihunsa ya sayi na gidansa gaba ɗaya. Na dabino ma yana tafiya, musamman idan an yanka dabinon manya-manya yadda za a gan shi a jiki. Na ayaba yana da daɗi kuma yana rage kuɗin ƙwai, sai dai ba ya jure kwanaki, saboda haka in za ki yi shi ki gasa a daren taron, kuma kaɗan.

Gwaggo, Kusfa:

Ku yi haƙuri, ni ban yarda a cika rumfa da kek kaɗai ba. Mutumin da ya sayar da masararsa ya shigo taro da kuɗi yana neman abin da zai kai gida ya kwana biyu ana ci, kuma a nan gireba da cincin da dubulan sun fi kek. Gireba ma ai gasawa ake yi, fulawa ce da sukari da mai da riɗi a sama, ba ta buƙatar ƙwai, kuma idan ta rage ba asara ba ce, za ki sayar da ita a gida cikin mako. Ki sa kek a gaba don ya jawo ido, ki jera waɗannan a bayansa. Ki kuma tafi da zoɓo mai sanyi a kula, domin duk wanda ya ci kek a hunturu sai ya nemi abin sha.

Anti, Wusasa:

Maganar Gwaggo gaskiya ce, kuma ina ƙarawa da batun gashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kaya suka yi tsada, na koma gashin yashi, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce ga mai kek ɗari biyu a gabanta. Ina zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya mai kauri, in ɗora a kan gawayi ya yi zafi, in jera gwangwanaye a kai ba tare da sun taɓa jikin tukunyar ba, in rufe, in zuba garwashi kaɗan a kan murfin don saman ya yi ja. Wutar ƙasa ita ce abin tsoro, idan ta yi yawa gindin zai ƙone cikin bai nuna ba. Ba na buɗewa sai ƙamshi ya fito, sannan in soka tsinke a tsakiya, in ya fito babu kwaɓi a jikinsa to ya yi.

Maman 'yan biyu, Sabon Gari:

'Yar'uwa, kafin ki fasa ƙwai ko ɗaya ki zauna da biro da takarda. Ki rubuta fulawa da sukari da kiret ɗin ƙwai, ki raba kuɗinsa gida 30 don ki san abin da kowane ƙwai ya ci, sannan ki haɗa da abubuwan da muke yawan mantawa, wato gawayi da leda da kuɗin mota zuwa da dawowa da abin da za ki ba yarinyar da za ta taya ki tsaron rumfa. Ki tafi da ƙananan kuɗi masu yawa, kada ki dogara da tiransifa, domin mun ga yadda ciniki ya tsaya a ƙauyuka lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, kuma har yanzu sabis ba ya kai wa ko'ina.

Akwai kuma abin da ba a faɗa ba, alhali ya fi duk waɗannan cin riba. Ƙauyen mijinki za ki, kuma ke amarya ce. Ƙannen miji da 'ya'yan yayyensa da ƙawayen uwar miji duk za su biyo ta rumfarki, kuma babu wanda za ki iya buɗe baki ki ce ya biya. Ki gasa nasu daban, ki kai wa uwar mijinki a kwano tun da safe kafin ki kasa kaya, ki ce ta raba. Idan sun riga sun ci a gida, duk wanda ya zo rumfa ya san ciniki ya zo yi.

Amarya, Tudun Wada:

Allah ya saka muku da alheri. Na tsayar da ƙananan na gwangwani da na mazarƙwaila da gireba. Hajiya, saura abu ɗaya: yaya zan ɗauke su a mota a wannan hanyar ba tare da sun farfashe ba?

Hajiya, Kwarbai:

Ki nemi kwali mai ƙarfi, ki jera su a tsaye a cikin ledarsu, ki sa yankakken kwali tsakanin kowane hawa, kada hawan ya wuce uku. Kada ki yarda kwandasta ya sa shi a but tare da buhuna, ki biya kuɗin kujera guda ki ajiye shi kusa da ke. Girebar kuwa ki sa ta a roba mai murfi, domin ta fi kek saurin marmashewa.